A Ba Ranar Tunawa da Gandhi Fili a Jaridarku

Malam Edita,

Ina roƙon a ba ni dama in yi tsokaci kan ranar 2 ga Oktoba, wadda Indiya ta keɓe a matsayin hutun ƙasa domin tunawa da haihuwar Mahatma Gandhi, jagoran fafutukar neman 'yancin kan Indiya, a garin Porbandar a shekarar 1869. A 1930 ya jagoranci tattakin kwana 24 zuwa gaɓar teku a Dandi, inda ya ɗebi gishiri don karya dokar Turawan mulkin mallaka da ta hana Indiyawa yin gishiri da kansu, kuma duk da an kama dubban mabiyansa, ya dage cewa kada kowa ya ɗaga hannu ya rama. A 2007 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana ranar 2 ga Oktoba a matsayin ranar ƙin tashin hankali ta duniya. Ina fatan za ku ware shafi guda ku bayyana wa matasanmu tarihin wannan tattaki.

Naku,
Wani mai karatu daga Zariya