Wasiƙa zuwa ga aminina a Amurka, kan sabon fasfonsa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Aminina, bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, da uwargida da yara. Saƙonka ya iso. Barka da zama ɗan ƙasa, Allah ya sanya albarka. Na ga tsarin tafiyar da ka zana: Landan, Jamus wajen ƙanenka, Umara, sannan gida Najeriya. Na kuma ga inda ka ce ka huta da neman biza. Nan nake so mu tsaya, domin da sauran rina a kaba.

Wanda zai fara tare ka ba jami'in shige da ficen wata ƙasa ba ne, ma'aikacin kamfanin jirgi ne a filin jirgin garinku. Kamfanin da ya kai fasinjan da aka ƙi karɓa tara ake cin sa, kuma shi zai dawo da mutumin. Shi ya sa kafin a ba ka takardar shiga jirgi ake duba ƙa'idojin ƙasar a Timatic, rumbun bayanan IATA, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya. In kwamfutar ta ce akwai abin da ya rage, magiya ba ta aiki.

Fara da fasfon kansa. Littafin ake tafiya da shi a jirgin sama, ƙaramin katin fasfo kuwa na kan iyakar ƙasa da na ruwa ne kawai, irin Kanada da Meziko. Naka shekara 10 yake yi, na yaron da bai kai shekara 16 ba kuwa shekara 5, kuma nan iyaye suka fi makara. Na yara ba a sabunta shi ta gidan waya. Sai an cika fom DS-11, an je da yaron, uwa da uba suna nan. In ɗaya ba zai samu zuwa ba, ya sa hannu a DS-3053 a gaban mai tabbatar da sa hannu. Aikin gaggawa ƙarin dala 60 ne. Saudiyya tana son fasfo ya rage aƙalla wata 6, ƙasashen Turai na Shengen kuma wata 3 bayan ranar fitarka. Ka ɗauki wata 6 a matsayin ƙa'idarka a ko'ina.

Ingila ba ta neman biza daga Ba'amurken da ya zo ziyarar da ba ta wuce wata 6 ba, amma tun 8 ga Janairu 2025 sai da izinin intanet mai suna ETA. Kowa da nasa, har jariri. Yana yin shekara 2, ko zuwa ƙarewar fasfon, kuma a jikin lambar fasfon yake, don haka wanda ya sabunta fasfo sai ya sake nema. Ka nema ta manhajar gwamnatin Birtaniya kwanaki kafin tafiya. Akwai shafukan dillalai da suka yi kama da na gwamnati, suna ninka kuɗin a banza.

Jamus tana cikin Shengen, ƙasashe 29 da ake lissafa su kamar ƙasa ɗaya. Kwana 90 gare ka ba tare da biza ba a cikin kowane kwana 180, kuma ranar shiga da ranar fita duk suna cikin ƙidaya. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ɗauka fita zuwa Landan na mako guda yana goge lissafin. Ba ya gogewa. Jami'in zai waiwayi kwana 180 na baya ya tara kwanakin da ka yi a ciki, ko a Faransa ne ko a Italiya. Wanda ya yi kwana 60 a Jamus ya fita, in ya dawo bayan wata guda kwana 30 suka rage masa. Tun 12 ga Oktoba 2025 kuma aka fara ɗaukar zanen yatsu da hoton fuska a kan iyakokinsu, kwamfuta ke ƙirga kwanakin. Wuce wa'adi na iya jawo tara ko hana shiga na wani lokaci. Aiki ma ba ya cikin wannan sassauci.

Abin da ya fi damuna uwargida ce. Katin zaman dindindin na Amurka da take riƙe da shi ba fasfo ba ne, fasfonta na Najeriya za a duba. Tana buƙatar bizar ziyarar Birtaniya, da bizar Shengen daban, wadda kuɗinta yuro 90 ne ga babba, tare da inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000. Ana karɓar takardun bizar Shengen tun wata 6 kafin tafiya. Kada ka sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin bizarta ta fito.

Umara da sauƙi a wajenka. Tun 2019 Ba'amurke na samun bizar yawon buɗe ido ta Saudiyya a intanet, mai shekara guda, kuma ana Umara da ita. Ba a aikin Hajji da ita, wannan ta shafin Nusuk na gwamnatin Saudiyya ake bi. Ku yi allurar sanƙarau aƙalla kwana 10 kafin isa, ku riƙe takardar shaida.

Sai gida. Dokar Amurka ta wajabta wa ɗan ƙasarta fita da shiga da fasfon Amurka, Najeriya kuma ka shige ta da fasfonka na Najeriya, saboda haka duka biyun su kasance da rai. Yaran da ba a yi wa na Najeriya ba biza za su nema kamar kowane baƙo. Katin rigakafin cutar shawara yana fara aiki kwana 10 bayan allura, kuma tun 2016 allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. In kuɗin hannunku, kai da iyali a haɗe, sun haura dala 10,000, ka bayyana wa kwastan na Amurka a fom FinCEN 105. Ɗaukar kuɗin ba laifi ba ne, ɓoyewar ce ke sa a ƙwace su.

Ƙa'idojin nan suna sauyawa ba sanarwa mai tsawo. A Yunin 2025 Chadi ta dakatar da ba Amurkawa biza, Barazil kuma ta dawo da wajabta musu biza a Afrilun shekarar. Ka duba shafin kowace ƙasa a travel.state.gov ranar sayen tikiti, ka sake dubawa ana saura mako guda.

Ka turo mini ranar ƙarewar fasfon kowa da ranakun tafiyar, mu yi lissafin tare. A gaida uwargida, a shafa mini kan yara.

Wassalam,
Amininka