Wasiƙa zuwa ga Sani a kan kicin ɗin wasan Ummi

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyalinka. Mu nan Ringim sai godiya, an gama yankan gero, saura dawa da wake. Innarku tana gaishe ku.

Ƙaninka ya nuna mini hotunan da ka turo ta waya, na kicin ɗin katako da kake son saya wa amaryata Ummi, ka ce in zaɓa maka ɗaya tunda da zarto da guduma na ciyar da ku. To, na duba, kuma babu wanda ya kwanta mini a cikinsu. Shawarata ita ce ka sa kafinta ya yi mata, kai kana tsaye a kansa.

Yawancin abin da masu shago ke kira katako a irin waɗannan kaya MDF ne, wato garin katako da aka cuɗa da gam, aka danne ya zama falanki, aka lulluɓe shi da leda mai sheƙi. A ɗakin da ruwa ba ya taɓawa yana rufa asiri. Amma wasan girki wasan ruwa ne, ko an hana ta sai ta dama ƙasa ta zuba a kai. Da ruwa ya sami gefensa sai ya kumbura, ledar ta ɗaye, ƙusa ta saki, kuma ba ya karɓar gyara. In kana son ganewa, leƙa bayansa inda ba a rufe ba. Katako na gaske za ka ga jijiyar itace, filawud za ka gan shi hawa-hawa, shi ma ba laifi in mai kauri ne. In kuwa dunƙulallen gari ka gani, bar musu kayansu.

Ka ɗauki kafintan ku je 'Yan Katako a Na'ibawa. Madaci yana da ƙwari, gara ba ta cika damunsa ba, sai dai nauyi da tsada. Farin katako ba shi da nauyi, yana da araha, amma ƙwaro na sonsa. Malaina tana tsakani, kuma ita zan zaɓa da ni ne. Kowanne ka ɗauka, ya zama busasshe, domin ɗanyen katako da hunturu ya buso zai tsage, ya karkace. Kada kuma ka yarda a yi mata da ragowar katakon rufi. Shi ana shafa masa baƙin mai ko maganin gara, ita kuwa Ummi a shekarunta komai baki take kai wa.

Wannan ya kawo ni kan fenti, kuma nan ne na fi son ka saurare ni. Jan nan da rawayan nan masu ɗaukar ido, kyan ɗan maciji ne. Fentin mai, musamman mai irin waɗannan launuka, akan samu dalma a cikin wasunsa, kuma ido ba ya gani, hanci ba ya ji. Ka tuna abin da ya faru a Zamfara a 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda gubar dalma ta kashe yara kimanin 400. Su ta dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gida ta same su, ba ta fenti ba, amma gubar ɗaya ce. Ko kaɗan ce ta shiga jikin ƙaramin yaro tana taɓa ƙwaƙwalwa, yaro ya taso da nauyin fahimta, a yi ta dukansa a makaranta ba a san mafari ba. Ka bar katakon da launinsa. A goge shi da samfefa har ya yi santsi, a shafe shi da man kaɗe, ya wadatar. In uwarta ta nace sai an yi ado, a nemi fentin ruwa wanda aka rubuta a gwangwaninsa cewa babu dalma.

Tsawonsa kada ya wuce cibiyarta. Ga 'yar shekara biyu da rabi, inci 20 zuwa 22 ya isa, amma gara ka tsayar da ita ka auna. Ya zama mai faɗin gindi. Ɗaya daga cikin hotunan nan dogo ne siriri, har da kanta a sama, yaro kuwa sai ya taka ya hau, ya rikito da shi a kansa. Kusurwa duk a kashe mata kaifi. Ka bi ko'ina da tafin hannunka, ciki da waje, inda sartse ya kama ka zai kama ta. Kan ƙusa a nutsar da shi. Ƙofa ba dole ba ce, datse yatsa kawai take yi, ɗan labulen atamfa ya fi ta.

Sai tarkacen da ake haɗowa da shi. Duk abin da zai shige bakinta gaba ɗaya, ɗauke shi sai ta wuce shekara uku. Na ga wani kicin ɗin yana kunna wuta yana ƙarar suya. Irinsa yakan zo da ƙaramin batir mai faɗi irin na agogo, wanda in yaro ya haɗiye shi ya maƙale, cikin awa biyu yana iya ƙona maƙoshi. Haka ƙananan maganaɗisun da ake liƙawa a ƙofa, in biyu suka shiga ciki sukan manne da juna su huda hanji. Ba ta bukatar ƙarar, da bakinta za ta yi, har ta fi ta batir daɗi.

Da Innarku ta ga hotunan, dariya ta yi har da riƙe ciki. Ta ce ina turmi, ina muciya, wannan kicin ɗin wace ce? Kuma gaskiyarta. Yaro abin da ya ga ana yi a gidansu yake kwaikwaya. Ummi ba ta taɓa ganin uwarta ta gasa kaza a cikin akwati mai gilashi ba, amma kullum tana ganin ana jajjage, ana tankaɗe, ana tuƙi, ana kwashe tuwo da mara. 'Yan'uwanka mata da kayan koyo suka tashi: 'yar tukunyar ƙasa, gwangwanin madara, duwatsu uku, 'yartsanar kara goye a baya, a yi tuwon ƙasa miyar ganye, a kawo mini in yi kamar na ci in sa albarka. Kafin a kai ga aurar da su babu wadda aka zaunar aka koya wa riƙon muciya. Don haka ka ce wa kafinta ya yi mata gurbin tukunya biyu kamar na gas ɗinku, da ramin da za a zaunar da ɗan kwanon silba a cire a wanke, da ɗan wurin jera kwanuka a ƙasa. Sauran mu za mu cika. Na riga na yi wa masassaƙi magana ya fafe mata ɗan turmi na ƙirya da taɓaryarsa, Innarku kuma ta ware ƙaramin faifai da 'yar ƙwarya da ludayi.

Ka ajiye shi a inuwa kusa da inda uwarta ke girki, yadda za su riƙa ganin juna, amma nesa da wuta, kuma a ɗora shi kan bulo saboda laima da gara. Ashana kada ta kwana inda hannunta zai kai, don duk mai wasan girki wata rana sai ta so ganin hayaƙi. In ɗan maƙwabta namiji ya zo ya tsuguna yana tuƙi, kada ka kore shi. Mai shayin bakin layinku da mai tsire ai ba mata ba ne.

Turmin zan ba direban da ke shiga Kano ranar Asabar, zan kira ka da lambar motar. Ka turo mini hoton katakon kafin a yanka. Ka gaida uwar Ummi, ka ce wa amaryata ina nan tafe bayan an shigar da dawa, kuma tuwon bara ba na ci, sabo za ta tuƙa mini.

Allah ya yi muku albarka.

Mahaifinka