Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gwamna Uba Sani kan haɗe makarantun ƙauye

Assalamu alaikum Mai girma Gwamna, ranka ya daɗe.

Ni manomi ne, ina kuma ɗan taɓa gyaran mashin in rani ya yi, 'ya'yana huɗu ne a makaranta kuma ina cikin kwamitin iyaye na firamaren garinmu, wanda ake ce wa SBMC. Ba ni da jam'iyya, ba kuma wanda ya sa ni, abin da ke cin raina ne kawai na ce bari in rubuto ko Allah zai sa ya iso gabanka.

Ba mu manta da Kuriga ba ranka ya daɗe. Ranar 7 ga Maris 2024 aka shiga makaranta da safe aka kora yara daji kamar tumaki, sai bayan sati biyu da 'yan kwanaki aka dawo da 137. Kafin nan an sace ɗalibai a makarantun Afaka da Greenfield da Bethel Baptist duk a 2021. Shi ya sa da gwamnatinka ta ce za ta haɗe makarantu 359 da ke wuraren haɗari da waɗanda ke inda ake da tsaro, ban yi musu ba, wallahi har addu'a na yi maka, don ba uban da zai so a kira shi a waya a ce ya kawo kuɗin fansar ɗansa.

To amma ka zo ka ga yadda haɗewar take a ƙasa.

An ce yaranmu su koma makarantar da ke bakin titi. A takarda abu ne mai sauƙi, a ƙafa kuwa tafiyar awa ɗaya ce da wani abu, kuma akwai rafi a tsakani wanda in damina ta zauna ko babba sai ya naɗe wando ya riƙe sanda. Lokacin da take zuwa, 'yata ta aji biyar takan fita tun gari bai gama wayewa ba, littattafanta a cikin leda, yunifom ɗin ma a leda, sai ta haye sannan ta saka, ga ƙaninta a hannu yana kuka. Hanyar nan kuma ta cikin gonakin dawa ta bi, inda in dawa ta yi tsawo ba ka hango mutum ko yana gabanka. Dan Allah wane tsaro ne wannan? An cire yaro daga aji don kar a ɗauke shi, an ɗora shi a hanyar da ba kowa. In ka ce su hau mashin, tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin kai yara huɗu da dawo da su a rana ya fi abin da nake cefane da shi. Sai uwarsu ta ce yarinyar ta zauna gida a bar mazan, kuma gaskiya ban samu bakin musa mata ba, yau wata na uku kenan tana gida tana daka. Ba mu kaɗai ba ne, a layinmu gida uku haka aka yi, ɗaya har an fara maganar aurenta.

Waɗanda suka daure suka je kuma, aji ɗaya aka cusa yaran gari biyu, na gaba a benci na baya a ƙasa kan buhu, malamin yana magana na baya ba sa ji. Ita kuma tamu makarantar da iyayenmu suka yi aikin gayya suka ɗora mata ajujuwa biyu, yanzu awaki ne ke kwana a ciki, an ma fara cire kwanon rufin da daddare.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne maganar zaɓi. Mai hali yana da zaɓi, in makarantar gwamnati ba ta yi masa ba sai ya kai ɗansa ta kuɗi a Kaduna ko Zariya, ko ya kama haya ya kwashe iyalinsa gaba ɗaya. Mu ba wanda ya tambaye mu, sanarwa kawai muka ji. Alhali akwai wata firamare ta gabas da mu, ta fi kusa, ba rafi, hanyarta kullum da mutane saboda kasuwa, amma tana cikin wata ƙaramar hukuma. Na je da kaina, hedimastan ya karɓe ni hannu bibbiyu, ya ce Malam sunayenku ba nan aka turo ba, kuma benci da littafi da malami duk da lissafin yaran da ke rajistarsa ake ba shi. Ban ga laifinsa ba. Amma iyakar ƙaramar hukuma ai ba katanga ba ce, duk jiha ɗaya muke, hukumar ilimin firamare ta jiha, wato SUBEB, ɗaya ce a kanmu.

Kuma kuɗin nan ba wai babu shi ba ne. Dokar ilimin bai-ɗaya ta UBE ta 2004 ta ce firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne kuma dole ne, ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, jiha ta kawo nata kason ta karɓa. Akwai shirin tarayya na tsaron makarantu na 2023 zuwa 2026 mai sama da naira biliyan 144, akwai AGILE na Bankin Duniya da aka yi don karatun 'ya'ya mata kuma Kaduna na ciki. Roƙona shi ne kuɗin yaro ya bi yaro. In an ɗauke shi daga makarantarsu, to bencinsa da malaminsa da littafinsa su bi shi duk inda ya koma, a bar iyaye su zaɓi mafi kusa cikin biyu ko uku ko da a ƙetaren ƙaramar hukuma ne, inda kuma tafiya ta yi nisa a sa mota ko Keke Napep ta gwamnati, ko a ba yaran kekuna. Mun ga yadda ciyar da 'yan firamare da gwamnatin jiha ta yi a 2016 ta cika ajujuwa da yara, ashe abu kaɗan ne ke kawo yaro makaranta, abu kaɗan ne kuma ke mayar da shi gida.

A kuma fito da sunayen makarantun nan 359 a manna a sakatariya da ƙofar hakimi, kowa ya ga ina aka kai tasu, yara nawa suka tafi, nawa suka isa. In aka ƙirga na rantse za a ga giɓin a wajen mata yake.

Sannan a faɗa mana yaushe za a dawo da yaran makarantunsu. Ka je Birnin Gwari da kanka a ƙarshen 2024 bayan sulhu da 'yan bindiga an buɗe kasuwar shanu, mun yi murna sosai, to in kasuwa za ta ci a inda aka yi shekaru ba a shiga, a turo jami'an tsaro su sake duba garuruwa irin namu ɗaya bayan ɗaya. Mu a shirye muke mu yi wa makarantar shinge da kuɗinmu, matasanmu su yi gadi, ku ku turo malamai biyu ko uku. Kwamitinmu ya riga ya rubuta sunayen yaran da suka daina zuwa gida-gida, takardar tana hannuna, duk wanda ka turo zan ba shi in kuma raka shi har bakin rafin.

Allah ya taimake ka, ya ba jiharmu zaman lafiya.

Naka,
Wani uba daga ƙauye, Jihar Kaduna