A Tuna da Frank Shu a Shafin Kimiyya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon jaridarka ta ware fili don tarihin Farfesa Frank Shu, masanin taurari ɗan Amurka mai asalin ƙasar Sin, wanda ya rasu a 2023.

An haife shi a birnin Kunming na ƙasar Sin a 1943, aka kai shi Amurka yana ƙaramin yaro. Ya yi digirin farko a MIT, wata jami'ar kimiyya da fasaha, ya yi na uku a Jami'ar Harvard a 1968. Amma tun a 1964, yana ɗan shekara 21, shi da malaminsa C. C. Lin suka kawo bayani kan abin da ya daɗe yana ɗaure wa masana kai: me ya sa murɗaɗɗun hannayen gungun taurari (wato galaxy, tarin biliyoyin taurari masu juyawa tare) ba sa nannaɗewa su ɓace, alhali gungun yana ta juyawa? Suka ce hannayen wuraren cunkoso ne, kamar cunkoson motoci a hanya: taurari da iskar gas suna shiga suna fita, cunkoson yana nan. A 1977 kuma ya bayyana yadda gajimaren gas ke ruftawa daga tsakiya zuwa waje har tauraro ya samu.

Ya shugabanci Jami'ar Tsing Hua ta Taiwan daga 2002 zuwa 2006, kujerar da mahaifinsa ya taɓa zama a kai. A ganina, aikin nan na 1964 kaɗai ya cancanci shafi guda.

Na gode.

Wani mai karatu,
Zariya