Amsa ga Malamin da ya ce aikina duba ne

Malam, bayan gaisuwa da girmamawa.

Na karanta tambayarka a jarida: wai wa ya ɗanɗana ruwan tekun shekara miliyan 30 da suka wuce, har nake cewa sinadarin sitironshiyam na faɗin shekarun duwatsu? Ka kuma kira aikina "duba da na'ura". Wannan kalma ce ta hana ni barci.

Boka ba ya nuna inda ya samo lissafinsa, ni kuwa ga nawa. Kumba tana gina ɓawonta da abin da ke cikin ruwan da ta rayu, har da sitironshiyam iri biyu, mai nauyi 87 da mai 86. Sinadarin yakan shekara miliyan biyu ko fiye a teku, alhali ruwan kansa na gama gauraya cikin shekara dubu da 'yan kai, shi ya sa kason biyun yake ɗaya a duk tekunan zamani guda. Yau kason, wato yawan mai 87 a kan na mai 86, shi ne 0.7092. Koguna na ɗaga shi da abin da suka kankaro daga tsofaffin duwatsu, maɓuɓɓugan zafi na ƙasan teku na jan shi ƙasa. Shekara miliyan 40 ke nan yana hawa daga wajen 0.7077, masana da dama na danganta hakan da tashin tsaunukan Himalaya. Wani masani, Burke, da abokansa sun zana jadawalin hawa da saukar kason tun 1982; da irinsa ake gwada kason da ke cikin ɓawo a san shekarunsa. Kumbar ce ta ɗanɗana ruwan, Malam.

Batun dutsen Kalambaina na kusa da Sakkwato da ka kawo, na ba ka gaskiya. A zamaninsa kason bai cika motsi ba, kuma tekun da ya ratso Sahara zuwa Sakkwato, wanda dutsen ya samu a cikinsa, marar zurfi ne. A can burbushin halittun da ka ƙware a kai sun fi ni magana. Ban taɓa musun haka ba.

Amma duba? Ɓawo goma nakan sa a madubin ƙara girma in zubar da bakwai, don ruwan ƙasa ya sauya su, sauran in kankare su da tsinin allura. Kai ma ka sha ganina a kan haka.

Ka san kuma inda garin ɓawon da na kankare yake yanzu: cikin kwali, ƙarƙashin teburina, shekara biyu. Ba mu da na'urar awon, kwamitin da ya hana kuɗin aika shi waje kuwa kana ciki. A taron ba ka yi wannan tambayar ba, sai a jarida.

Na gode. Ɗalibinka na da.