Masu shirin kai yara hutu Kanada, a fara duba taswira

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni ɗan fili domin in yi magana da iyayen da ke shirin kawo iyalansu ƙasar Kanada a lokacin dogon hutun makaranta. Na daɗe ina zaune a Toronto, kuma duk shekara da zarar damina ta kankama a gida, wato daidai lokacin da ɗumi ke shigowa a nan, sai saƙonni su yi ta zuwa mini daga 'yan'uwa da abokan arziki, kowa da jerin wuraren da yake so 'ya'yansa su gani cikin mako biyu. Jerin kusan iri ɗaya ne, domin ba ya wuce ruwan Niagara da duwatsun Banff da biranen Vancouver da Montreal, kuma mai jerin yakan ɗauka cewa tsakaninsu bai wuce Kano zuwa Kaduna ba.

Kanada ce ƙasa ta biyu wajen girma a duniya bayan Rasha, kuma faɗinta ya ninka na Nijeriya fiye da sau goma. Lardin Ontario kaɗai, inda Toronto da Ottawa suke, ya fi Nijeriya gaba ɗayanta faɗi. Daga Toronto zuwa Vancouver a mota ya haura kilomita 4,000, wato kamar mutum ya je Legas daga Kano ya dawo, ya sake zuwa ya sake dawowa. A jirgin sama tafiyar kusan awa biyar ce, kuma idan ka sauka sai ka mayar da agogonka baya da awa uku. Jirgin ƙasa na kamfanin VIA Rail da ke haɗa biranen biyu kwana huɗu yake yi a hanya. Duk wannan na san shi tun kafin yayana ya zo da matarsa da 'ya'yansu huɗu, amma kunyar babba ta hana ni faɗa masa gaskiya yadda ya kamata.

Yaya mutum ne mai son tuƙi, wanda ya saba tashi daga Kano bayan sallar asuba ya yi la'asar a Maiduguri, saboda haka da na ce masa Banff da nisa sai ya yi dariya, ya ce ai hanyoyin nan ba ramuka, ba shingen bincike, me zai gagare mu. Muka yi hayar mota mai kujera bakwai muka nufi yamma. Ranar farko muka ci kusan kilomita 700 muka kwana a Sault Ste. Marie, yara suna ta murna. Rana ta biyu muka bi gefen tafkin Superior, wanda ba a hango ɗaya gaɓarsa, hanya tana ratsa dajin da ba ya ƙarewa, gidajen mai kuma suna nesa da juna, ga allunan gargaɗi game da wata dabba mai ƙaho da ake kira mus, wadda ta fi doki tsayi, take kuma tsallaka titi da almuru. Tun kafin azahar autarsu mai shekara uku ta yi amai sau biyu, na tsakiya biyu suka dambace a kan waya, matar Yaya kuwa ta daina magana da kowa. Da muka isa Thunder Bay da yamma, bayan mun rufe kilomita 1,400, sai babban yaron ya tambaye ni, "Baffa, yanzu a wane lardi muke?" Na ce masa har yanzu muna Ontario, kuma ko rabin hanyar Calgary, birnin da ke kusa da Banff, ba mu yi ba. Yaya ya karɓi taswirar ya daɗe yana kallo, washegari kuma muka juyo.

Kwana huɗu cikin goma sha huɗu suka tafi a kujerar mota, ban da kuɗin mai da na masauki. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, a duk wannan tafiya abin da yaran suka fi tunawa shi ne wani katafaren mutum-mutumin dinya da ke bakin hanya a garin Wawa, inda muka tsaya na rabin awa suka yi guje-guje a kan ciyawa. Tun daga ranar na gane cewa yaro ba ya ƙirga kilomita, abin da yake ƙirgawa shi ne sau nawa aka bar shi ya sauka.

Don haka shawarata ga duk mai mako biyu ita ce ya zaɓi gabas ko yamma, domin ba a tauna taura biyu. Wanda ya zaɓi gabas zai iya sauka a Toronto, ya je Niagara da ke nisan kimanin kilomita 130 ya dawo a yini ɗaya, sannan ya hau jirgin ƙasa zuwa Ottawa cikin awa huɗu da wani abu, daga nan Montreal awa biyu, daga Montreal kuma zuwa tsohon birnin Quebec, wanda Faransawa suka kafa a 1608, kimanin awa uku. A ganina jirgin ƙasa ya fi mota ga mai ƙananan yara, saboda akwai banɗaki, kuma yaro na iya miƙewa ya zagaya ba tare da an tsayar da kowa ba. 'Yan'uwanmu na Nijar za su fi kowa sakewa a wannan yanki, tunda Faransanci ne harshen lardin Quebec.

Wanda kuwa duwatsu ne suka ja hankalinsa, ya sayi tikitinsa har Calgary, kada ya tsaya ɓata kwanaki a Toronto don kawai nan ne sunan da ya sani. Daga Calgary zuwa Banff, gandun dajin ƙasa na farko a Kanada wanda aka soma keɓewa a 1885, tafiyar awa ɗaya da rabi ce, kuma yara 'yan ƙasa da shekara 18 ba sa biyan kuɗin shiga. A Drumheller, shi ma ba nisa da Calgary, akwai gidan tarihi na Royal Tyrrell mai cike da ƙasusuwan manyan dabbobin da suka ɓace tun zamanin da, kuma ban taɓa ganin yaron da ya shiga ya nemi fita da wuri ba. Sai dai a kama masauki tun da watanni, domin Yuli da Agusta su ne hutun 'yan ƙasar ma, a kuma riƙa bin labarin gobarar daji, wadda a Yulin 2024 ta cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na gine-ginen garin Jasper da ke yankin duwatsun.

Akwai wani abu da ba kasafai ake faɗa wa baƙi ba, wato tsawon yini. A ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa a Toronto sai wajen ƙarfe tara na dare, a Calgary kuwa sai kusan goma, isha'i ta wuce sha ɗaya, asuba kuma ta riske ka kafin barci ya yi nisa. Yaron da aka saba kwantarwa da ƙarfe takwas ba zai yarda dare ya yi ba alhali yana ganin hasken rana ta taga, ga shi kuma jikinsa yana bin agogon gida, wanda ya riga na Toronto da awa biyar, na Calgary da awa bakwai. Ya kamata a bar kwana biyun farko babu wani shiri sai barci da ɗan yawo a unguwa. Alƙibla ma a nan arewa maso gabas take, abin da ya sa Yaya ya yi ta musu da wayata har sai da muka je masallaci ya gani da idonsa.

Game da doka, a Ontario dole yaro ya zauna a kujerar yara ta musamman a mota har sai ya cika shekara 8, ko nauyinsa ya kai kilo 36, ko tsayinsa ya kai santimita 145, kuma ba a rungumar jariri a cinya kamar yadda muka saba. Kilishi da dambun nama ba sa shiga ƙasar, kuma duk abincin da ke cikin kaya wajibi ne a bayyana shi ga jami'an kwastan, in ba haka ba tsarabar ta jawo tara. Kowane yaro sai da bizarsa, idan kuma uwa ce kaɗai ko uba kaɗai zai zo da yara, ya riƙo takardar amincewar ɗayan. Farashin da ke jikin kaya a kanti ba shi ne abin da za a biya ba, domin a wurin biya ake ɗora haraji, kashi 13 cikin ɗari a Ontario, kashi 5 a Alberta, lardin da Calgary da Banff suke.

Abin da na fi jaddadawa shi ne inshorar lafiya. Mutane suna jin cewa asibiti kyauta ne a Kanada, amma wannan na mazauna ƙasa ne, baƙo kuwa shi zai biya daga aljihunsa, kuma kwana ɗaya a gadon asibiti na iya cinye abin da ya fi kuɗin tikitin jirgi. Bana Yaya ya ce zai dawo, kwana goma a Calgary da kewayenta, masauki biyu kacal, kuma na shaida masa cewa ba zan je tarbarsa a filin jirgi ba sai ya fara turo mini hoton takardar inshorar mutum shida.

Na gode da wannan dama da ka ba ni.

Naka mai karanta jaridarku,
daga Toronto, Kanada.