Filin wasan da ba shi da allo, wa zai shaide shi?

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu in yi magana a kan wani abu da na san wasu masu karatu za su ce wasan yara ne. Ni ma haka na ce da farko, sai da abin ya ci mini watanni.

Ni mai horar da matasa ƙwallon kwando ne, aikin sa kai nake yi da yamma in na tashi daga wurin aiki. Shekara biyu ke nan likita ya ce gwiwata ta gama da tsalle, in koma tafiyar ƙasa. Tafiyar da ba inda za ka kuwa gajiya biyu ce. 'Yar ƙanwata ce ta sa mini Pokémon GO a waya, ta ce, "Kawu, ga abin da zai riƙa fitar da kai." Ga wanda bai san shi ba, wasan waya ne na kama wasu ƙananan dodanni, wanda kamfanin Niantic ya fitar a watan Yulin 2016. Taswirar inda kake ita ce fagen wasan, kuma sai ka taka da ƙafarka zuwa wasu wurare na zahiri da ake kira PokéStop kafin ka samu kayan da za ka ci gaba da su. Yana da wa mai suna Ingress, wanda ya fito tun 2012, kuma wuraren da 'yan wasan Ingress suka tattara ne aka fara zuba wa ƙanen.

Ranar da na buɗe wayar a bakin filinmu, sai na ga taswira wayam. Filin da yara talatin ke zufa a kansa kowace yamma, a wasan ko alamarsa babu. Da na bincika sai na gane 'yan wasa ne ke gabatar da sababbin wurare, ana tantance su ta wani tsari mai suna Wayfarer da aka buɗe a 2019. Da can sai wanda ya kai mataki na 40 a wasan ke da ikon gabatarwa, daga baya aka sassauta. Abin da ake nema a wuri ɗaya ne cikin uku: ya zama wurin da ya cancanci a je a gani, ko wurin motsa jiki, ko wurin da jama'a ke haɗuwa. Na ce to ai magana ta ƙare, filinmu ya cinye biyu ido rufe.

Sau biyu ana mayar mini da shi, kuma duka biyun laifina ne. A na farko na ɗauki hoto ana tsakiyar atisaye, don a ga filin a raye yake. Ashe hoton da fuskokin mutane suka fito ba a karɓarsa, balle na yara. A na biyu na jira aka watse, na ɗauki hoto mai kyau, amma na dasa ɗigon da ke nuna wurin a taswira a tsakiyar fili, daidai da'irar da ake jefa ƙwallon farko. 'Yar ƙanwata ta kalli wayar ta kwashe da dariya. "Kawu, kana so ana wasa wani ya shigo kai a sunkuye yana neman dodonsa?" Gaskiyarta. Ɗigon filin wasa a gefe ake sa shi, a ƙofar shiga ko jikin allon sunan filin, inda mai waya zai tsaya bai tare wa kowa hanya ba. Ba ma sai ya matso ba, tunda daga nisan mita 80 ana iya taɓa PokéStop. Da mita 40 ne, aka ninka a 2020 lokacin annobar korona, aka so a mayar da shi yadda yake a 2021, 'yan wasa suka yi ca, aka bar shi.

Haushin da na ji ne ya sa na ce bari in ga su wane ne ma waɗannan masu tantancewar. Na yi ɗan gwajin da ake yi, na shiga cikinsu. A nan jikina ya yi sanyi. Yawancinsu 'yan wasa ne irina, ba a biyan su ko sisi, kuma abin da ke gabansu bai wuce sunan wuri, ɗan bayani, hotuna biyu da hoton tauraron ɗan'adam ba. In motar Google mai ɗaukar hotunan tituna ta taɓa bi ta wurin, sun samu ƙarin ido. In ba ta taɓa bi ba, shi ke nan.

Ba na manta wani da ya faɗo mini. Sunan da aka rubuta "Filin ƙwallo" kawai. Hoton fili ne fetal, ba ciyawa, ba layi, can nesa wasu ƙarafa biyu da ba za ka rantse turakun raga ne ba. Na duba ta sama, sai wani jan fegi mai kusurwa huɗu, wanda zai iya zama filin ƙwallo, zai iya zama filin da aka share za a yi gini. A raina na yarda da mutumin, don na san irin filin, na san ƙurar da ke tashi a kansa da la'asar. Amma tambayar da ke gabana ita ce: akwai shaidar cewa wurin yana nan, na dindindin ne, kuma kowa zai iya isa gare shi da ƙafa lafiya? Na daɗe ina kallon hoton, ban samu abin da zan kafa hujja da shi ba. Gani ya kori ji, ni kuwa ji kawai aka ba ni.

Daga nan na je wurin kwamitin da ke kula da filinmu, na ce a yi allo. Wani dattijo a cikinsu ya ce, "Malam, filin da kowa ya sani, allon me?" Na ce kowa a nan ya sani. Muka yi karo-karo, mai walda ya haɗa mana allon ƙarfe, aka rubuta sunan filin da shekarar da aka zuba simintinsa, aka kafa shi da kankare a bakin ƙofa. Na je da sassafe ba kowa, na ɗauki allon shi kaɗai ya cika hoto. Hoto na biyu na ja da baya sosai, yadda allon da kwandon da hanyar shiga da rufin wani gini da ake gani ta tauraron ɗan'adam duk suka fito tare, don mai tantancewa ya haɗa abin da ke ƙasa da abin da ke sama. A bayani ban yi fasaha ba: fili ne na jama'a, a buɗe yake, ga wasan da ake yi, ga inda ake tsayawa kallo. Bayan 'yan makonni saƙo ya zo an karɓa.

Sai kwaɗayi ya shiga. Na gabatar da filin ƙwallon raga da ke manne da namu, shi ma aka amince, amma shiru bai bayyana a wasan ba. Ashe an yanka duniya gida-gida a wani tsarin taswira da ake kira S2, kuma 'yan wasa sun daɗe da gano cewa kowane ƙaramin gida, mai girman da ake kira mataki na 17, PokéStop ɗaya yake ɗauka. Filayen namu biyu gida ɗaya suka faɗa.  Ba zan ɓoye ba, raina ya raya mini in ɗan gusa ɗigon zuwa gidan da ke maƙwabtaka. Ban yi ba. Wanda aka kama yana wannan ana iya dakatar da shi, kuma na riga na zauna a kujerar mai tantancewa, na ga yadda masu liƙa takarda a bango su ɗauka hoto su cire suke sa a riƙa zargin kowa, har mai gaskiya.

Akwai ƙa'idar da wasu ke ƙorafi a kanta amma ni ina bayanta ɗari bisa ɗari: filin da ke cikin harabar makarantar firamare ko sakandare ba a karɓarsa, komai kyansa. Haka wanda ke cikin gidan wani. Mai horar da yara ba ya buƙatar a yi masa bayanin dalilin da ya sa ba a son baƙi su riƙa kewaya shingen makaranta.

Na san abin da wasu za su ce: filin motsa jiki ne, ka jawo mana masu danne-dannen waya. Wasu haka suke, su zo su shafa wayar su juya. Amma akwai wani siririn yaro da ya yi kusan mako biyu yana tsayawa jikin allon, ido ɗaya a waya ɗaya a fili. Ran nan ƙwallo ta gangara wajensa, ya ɗauka ya jefo da hannun hagu, na ce ya ajiye wayar ya shigo. Yanzu shi ke fara zuwa. Lokacin atisaye kuwa duk wayoyi a jakata suke kwana, har tawa.

Na kuma san taswirar da muke ginawa kyauta dukiya ce a hannun wasu. A 2025 kamfanin Scopely, wanda ke ƙarƙashin Savvy Games Group na Saudiyya, ya sayi ɓangaren wasannin Niantic a kan dala biliyan 3.5, har da Pokémon GO da Wayfarer. Wannan ya kamata kowane mai gabatar da wuri ya sani kafin ya fara. Ni dai na auna na ga allon yana wurinmu, kuma tun da aka kafa shi iyaye suka daina kira na suna tambayar ta ina ake shiga.

Roƙona ga masu kula da filayen wasa na jama'a, kwamiti ne ko ƙungiya ko hukuma: ku sa wa filayenku suna, ku rubuta a abin da ruwa da rana ba za su ci ba, ku kafa a bakin ƙofa. In filayen da yawa ne a wuri ɗaya, kowanne a ba shi lambarsa. 'Yan wasan da suka kai matakin da ake buƙata kuma su daure su shiga tantancewa, don a samu idon da ya san filin da ba ciyawa ma fili ne. Mai waldanmu na riga na ba shi awon allo na gaba, na hanyar da masu gudu ke zagayawa da asuba, kuma wannan karon sai da na duba gidan da ta faɗa kafin in sa a haƙa rami.

Naka,
Mai horar da ƙwallon kwando, mai ciwon gwiwa